Baƙin hunturu a tafkin Dagona

Wanda ya tashi daga Kano ya nufi Nguru a watan Janairu ba zai ga abin da zai ɗauke masa hankali ba sai ya wuce Gumel da Malam Madori. Gonaki ne da aka riga aka girbe, kara a tsattsaye, rumbuna a cike, ƙurar hunturu ta rufe sama har rana ta koma fara fat, ana kallonta ido da ido. Daga can gaba ne ƙasa ke sauya kama. Goruba ta fara yawa, yashi ya ƙara haske, sai kawai ka hangi ruwa yana ƙyalli a inda ba ka yi zaton samun ko kududdufi ba. A bakin ruwan ga shanu, ga balbelu suna bin sawunsu, ga masunta a kan gora. Wannan ita ce fadamar Haɗeja da Nguru, kuma tsuntsayenta ne suka fito da ni daga gida.

Abokin tafiyata malamin makaranta ne, mutumin Gashuwa. Ya daɗe yana yi mini gori, wai muna zaune a birni muna kallon tsuntsayen Kenya a talabijin, alhali ga namu nan a bayan gida ba mu taɓa leƙa su ba. Shi ya riƙa nuna mini yadda ruwan ke tafiya tun muna cikin mota. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya gangaro daga yamma. Kogin Jama'are kuma daga tuddan Jos yake saukowa, ya ratsa ƙasar Bauchi. Da suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai suka tarar da tsofaffin tuddan yashi a jejjere sun tare musu gaba, ruwa ya rasa miƙaƙƙiyar hanya, ya rabu rassa-rassa, ya malala cikin kwaruruka. Sai kusa da Gashuwa rassan ke sake haɗewa su zama kogin Yobe, wanda ke tafiya har tafkin Chadi. Ambaliya tana kai iyakarta a Agusta da Satumba, daga nan ta riƙa janyewa sannu a hankali, tana barin tafkuna da laka da ciyawa. A kan wannan janyewar ne rayuwar kowa ta rataya a nan: mai shinkafa, mai wake a bayan ruwa, masunci, makiyayi, da tsuntsu.

A Nguru muka yada zango. Gari ne da jirgin ƙasa ya raya, domin nan layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930, aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu. Yau abin da ya fi bugun hanci a garin shi ne banda. Tarwaɗa ce a nannaɗe baƙa wuluk, ana cusa ta cikin kwalaye za a kai Kudu. Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sa cikin jerin dausayi masu muhimmanci ga duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000. Tafkin Dagona, mafakar tsuntsayen da muka nufa, ya shiga jerin a 2008. Na tambayi mai shayin da muka zauna wurinsa ko ya san da wannan, ya yi dariya ya ce shi dai ya san agwagin daji suna zuwa da sanyi, suna tafiya da zafi.

Da asuba muka kama hanyar Gashuwa, muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Dagona tana cikin ƙasar Bade, kuma mafakar tsuntsayen ɓangare ce ta Gandun Dajin Tarayya na Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991. Gandun kashi uku ne a warwatse: Chingurmi-Duguma can Borno kusa da iyakar Kamaru, tuddan yashi da dausayin Bulatura a Yusufari, sai wannan na Bade da Nguru. Ma'aikacin gandun da ya raka mu dogo ne siriri, ya naɗe kansa da rawani saboda sanyi, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Ya gargaɗe mu tun kafin mu sauka daga mota: "Malam, a nan ba a ɗaga murya, ba a nuni da hannu da sauri. Ku bi bayana kawai."

Kunne ne ya fara isa tafkin kafin ido. Muna cikin ratsa bagaruwa da giyayya, gari bai gama wayewa ba, sai na ji wani fito siriri, sau uku-uku, daga bakuna masu yawan gaske, yana tashi yana sauka. Kirinjijiya ce. Da muka fito fili sai ga su birjik a gefen ruwa, sun tsaya cirko-cirko da dogayen wuyoyi, fuskokinsu farare, ƙirjinsu ja-ja. Tafkin kansa ba wani babba ba ne, tsohuwar lanƙwasar kogi ce da ruwa ya yanke ya bari, amma da ƙyar kake ganin ruwan saboda abin da ke kansa. Can tsakiya ga dinya, baƙa da farin ciki, wadda duk cikin agwagin dajin Afirka babu mai girmanta. Idan ta tashi sai ka ji fukafukanta suna dukan iska daga nesa. Ga wata agwagwa da namijinta ke da tsiro a kan baki. Ga zalɓe a tsaye shi kaɗai cikin ruwa iya gwiwa, ya yi shiru har ka ɗauka kututture ne, sai ya sari ruwa ya fito da ɗan karfasa. Ga jinjimi, fari da baƙin kai, yana caccakar laka da lanƙwasasshen baki. Zakaran ƙeƙuwa kuwa tun da ya gan mu ya hana kowa sakat, yana shawagi a kanmu yana tona mana asiri.

Na daɗe ina kallon wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da farin wuya da shuɗin goshi, yana tafiya a kan ganyen bado bai nutse ba. Yatsunsa ne dogaye ƙwarai, su ke rarraba nauyinsa. Ma'aikacin ya raɗa mini cewa a wurin wannan tsuntsu, mace ta yi ƙwai ta kama gabanta, namiji ne ke kwanci, shi ke reno, idan ya ga haɗari ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fukafukai ya gudu da su, ƙafafunsu na reto. Kusa da shi akwai wani baƙin zalɓe ƙarami mai dabarar da ban gaji da kallo ba: zai yi taku biyu, ya buɗe fukafukai ya rufe kansa da su gaba ɗaya kamar an kifa ƙwarya a kan ruwa, ƙananan kifaye su ruga inuwar neman mafaka, shi ke nan sun kawo kansu. Sama da su, wani mai kamun kifi mai zanen fari da baƙi ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike, baki a ƙasa, sannan ya faɗo tsulum.

Duk waɗannan 'yan gida ne, ko dai 'yan Afirka masu zirga-zirga tsakanin tafkuna. Waɗanda suka sa sunan Dagona ya fita duniya su ne baƙi. Ma'aikacin ya miƙo mini madubinsa ya ce in duba can ƙurya, inda ruwa ya yi duhu. Ba inuwa ba ce, agwagi ne ƙanana, dubbai, a cunkushe. Wasu mazan sun fara fitar da farin layi a saman ido, alamar lokacin komawa gida yana matsowa. A Turai da Rasha suke yin ƙwai. Idan sanyi ya kankama can, ruwa ya daskare, sai su taso su haye tekun Bahar Rum, su haye Sahara, su sauka a nan. Kowace ɗaya ba ta kai rabin kilo ba. A cikinsu akwai wasu masu ɗan girma da dogon wuya da tsinin wutsiya, su ma daga arewacin duniya. A bakin laka kuma ga wasu masu dogayen ƙafafu, launin toka-toka, ba su da wani ado, suna tsince-tsince. Su ne aka fi gani garke-garke a gonakin shinkafar da aka girbe suna kalar abin da ya zube. A can inda suke aure, arewacin Turai da Sibiriya, mazansu kan fitar da wani tulin gashi mai launi a wuya su taru a fili suna nuna kansu ga mata. Mu a nan da tufafin aiki muke ganin su.

Abin da ya sa wurin nan ya zama dole a gare su ba wuya a gane shi. Tsuntsun da ya ƙetare hamada ya iso a rame, ruwa na farko da zai samu shi ne na wannan ɗamara ta Sahel: kwarin kogin Senegal, fadamar kogin Neja a Mali, tafkin Chadi, da wannan fadama tamu. Haka kuma idan zai koma, a nan zai ci ya tara kitsen da zai ƙone a hanya. Shekarar da ambaliya ta yi ƙaranci a Sahel, masu lura da tsuntsaye a Turai kan ga raguwar wasu irin a bazarar da ta biyo baya. Kowane Janairu ana ƙirga tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a lokaci guda, kuma a wasu shekarun 1990 abin da aka ƙirga a fadamar Haɗeja da Nguru ya haura dubu 200, har ya taɓa wuce dubu 300. Irin tsuntsayen da aka rubuta an gani a yankin sun fi 350. Wannan ne ya kawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, Dagona a 1989, lokacin yana shugaban ƙungiyar kare namun daji ta WWF. Dattawan wurin har yanzu suna ba da labarin zuwan.

Ma'aikacin ya ce jefi-jefi masunci kan tsinci tsuntsu a cikin raga da ɗan zobe a ƙafa, an yi rubutun boko da lambobi. Wasu su ɓoye, suna tsoron ko wani abin tsafi ne ko na gwamnati. Alhali masu bincike ne suka sa, don a san inda tsuntsu ya fito da inda ya kai. Ina tsaye ina jin wannan, ayar nan ta Suratul An'am ta faɗo mini, inda Allah ke cewa babu wata dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinku. Al'umma mai garinta, mai lokacin tafiyarta, mai zangonta. Mu Hausawa da muka san fatauci da cin rani bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Da rana ta ɗaga muka bar bakin ruwa muka shiga cikin itatuwa. Nan ma akwai abin kallo, ko da yake ba a cika zuwa dominsa ba. Cilakowa tana tsalle daga reshe zuwa reshe, ragon maza yana gunjinsa a cikin sarƙaƙiya, fakara ta fashe a gabanmu har gabana ya faɗi. Alhudahuda ya sauka a kan yashi ya buɗe tukkunsa ya rufe. Kurciyoyi kam ba a magana. Shirwa tana ta kewaya sama.

Washegari muka koma wajen Nguru muka shiga kwalekwale, kuma a nan ne tafiyar ta sauya mini. Mai tuƙin dattijo ne Babade, gashinsa fari, hannuwansa duk kanta. Mun ɗan yi tafiya a buɗaɗɗen ruwa, sai muka shiga wani lungu da ciyawa ta yi masa katanga hagu da dama, ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba. Kacala ke nan. Iska ta ɗauke, sauro ya taso da rana tsaka, ba ka ganin komai sai kore da ɗan tsirin sama. Muka yi ta tafiya a haka, babu agwagwa ko ɗaya, babu zalɓe.

Na ce, "Baba, da ma haka wurin nan yake?"

Ya tsayar da sandar tuƙi ya dube ni. "Ina! Ɗana, nan da kake gani gonar shinkafa ce. Ruwa ya zo da damina, ya tafi da rani, mu shuka, mu girbe, Fulani su shigo da shanu su ci burugu. Yanzu ruwa ba ya tafiya a nan, can kuma wajen 'yan'uwanmu ba ya zuwa. Wannan ciyawa ta cinye mu."

Abin da dattijon ya faɗa cikin numfashi ɗaya shi ne abin da masana suka cika littattafai da shi. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, kuma su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ga fari na shekarun 1970 da 1980 ya zo ya ƙara. Faɗin ƙasar da ambaliya ke rufewa ya ragu ƙwarai. Amma ba raguwar kaɗai ce ɓarnar ba, har da sauyin lokaci. A da kogin yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe da rani. Yanzu ana riƙe ruwan damina, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani da ruwan sha. Kacala ba abin da take so irin ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta samu, ta bazu, ta tare laka, laka ta toshe rassan kogi. Ruwa ya karkata ya taru a mashigar Marma da tafkin Nguru yana cin gonaki da gidaje, wasu rassan kuma suka bushe. Agwagwar da ta taso daga Rasha buɗaɗɗen ruwa take nema da laka da irin ciyawa. Dajin kacala ba ya yi mata amfanin komai.

Akwai dai tsuntsu ɗaya da kacala ta yi wa rana, shi ne jan-baki. Da la'asar muna kan tudu kusa da wata gonar shinkafar rani, sai yaran da ke gadi suka fara ihu suna jan igiyoyin da aka ɗaura wa gwangwanaye. Na ɗaga kai na ga gabas ta yi duhu. Garke ne, yana murɗawa yana miƙewa, yana saukowa ƙasa-ƙasa ya sake tashi, ƙarar fukafukansa ta cika kunne. An ce duk duniya babu tsuntsun daji mai yawansa. Ya wuce mu ya faɗa cikin kacala, inda yake kwana babu mai iya isa gare shi. Mai gonar, magidanci ne da bai wuce sa'ana ba, ya gaishe mu, ya ji abin da ya kawo mu, sai ya girgiza kai. "Malam, kai ka zo kallon tsuntsu, ni kuwa tsuntsu ya hana 'ya'yana zuwa makaranta. Tun asuba suna nan har magariba."

Ba ni da bakin ba shi amsa, kuma ban ga laifinsa ba. Duk mai son tsuntsayen wannan wuri da bai tsaya ya saurari wannan mutum ba, sonsa na banza ne. Garke ɗaya na iya tashin gona a yini. Idan abin ya yi ƙamari akan kawo jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu, maganin kuwa ba ya tambayar sunan tsuntsu kafin ya kashe, kuma a kan ruwan da ake su ake sha yake sauka. Ga shi abin da ya kori agwagwa shi ne ya ƙara wa jan-baki wurin ɓuya, shi ne ya toshe wa masunci hanya, shi ne ya cinye wa makiyayi burugu. Mai gona da tsuntsun Turai ba abokan gaba ba ne a nan. Ciwo ɗaya ke damunsu.

Wannan magana ta shafe ni kai tsaye, domin ni mutumin Kano ne. Ruwan da ke zuwa famfunanmu daga kogunan nan yake. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da muke alfahari da su, da ruwan Tiga ake noma su. Ba zan ce a fasa madatsa ba, miliyoyin mutane na ci daga gare ta. Amma tun farkon shekarun 1990 masu nazarin tattalin arziki suka auna, suka nuna cewa idan aka haɗa shinkafa da kifi da itace da fadamar nan ke bayarwa, amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a nan ya fi wanda ake samu a manyan gonakin ban-ruwa na sama. Kuma an daɗe da ba da shawarar abin yi: a riƙa sakin ruwa mai yawa da damina yadda zai yi kama da ambaliyar asali, a rage na rani yadda ƙasa za ta samu ta bushe, a yashe rassan da suka toshe. Mutanen ƙauyuka suna fita gayya da lauje da adda suna yankan kacala, wuya iya ruwa, na gan su da idona. Amma wanda ke riƙe da makullin ruwa yana can ɗaruruwan kilomita daga inda suke. Kogin Jama'are ne ya rage yana kawo ambaliya yadda Allah ya tsara ta, shi ma an daɗe ana maganar datse shi a Kafin Zaki, aiki ya tashi ya kwanta ya sake tashi. Duk ranar da za a sake ɗauko wannan magana, ina fata a fara zuwa a tambayi Bade da Nguru da Gaidam.

Akwai tsuntsun da na zo da burin gani ban gan shi ba. Gauraka. Kakata takan kwatanta mace mai tafiyar ƙasaita da ita, kuma ita ake kira tsuntsuwar Nijeriya: doguwa, baƙa, da farin fiffike, da ja da fari a kumatu, da tukku ruwan zinariya. Na tambayi ma'aikacin Dagona, ya ce shi kansa ya daɗe rabonsa da ita a daji. Na tambayi dattijon kwalekwale, ya ce suna yara garke-garke suke gani a bayan gari, da asuba kukansu ke tashin mutane, suna rawa suna tsalle bibbiyu. Yanzu a faɗin Nijeriya da ƙyar ake samunta a daji. Mai son ganin garkenta sai ya tafi Chadi, ko kwarin Logone da Waza a arewacin Kamaru. Bushewar fadamu ta taimaka, amma kamu ya yi mata illa babba. Tsuntsuwa ce da masu hali ke so a tsakar gida don ado da alfarma, wasu kuma don abin da suka yi imani tana kawowa ko tana karewa. Ana kwashe 'ya'yan tun suna ƙanana, a karya musu fiffike ko a fige. A tsakar gida kuwa ba kasafai take haihuwa ba, ta tsufa ta mutu, a aika a kamo wata. Na san gidaje a birni da na taɓa ganin gauraka tana zagaye tsakanin motoci. A Dagona, inda aka keɓe domin irinta, ban ji ko kukanta ba.

Haka ungulu. Duk tafiyar nan, da mahautar Nguru da ta Gashuwa da muka wuce, ban ga ko ɗaya ba. Wanda ya girma a shekarun baya ya san yadda suke cika rufin mahauta da kan kuka har ana korarsu. Tun 2015 aka sa irin tamu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu su suka gama da ita. Ta tafi ba wanda ya yi mata jaje, mushe kuma ya rasa mai ɗauke shi.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne shamuwa. Ba ta nan lokacin da muka je, domin ita da rani kudancin Afirka take tafiya, sai damina ta kusa take dawowa. Amma a wani ƙauye kusa da Dagona an nuna mini sheƙunanta a kan wata tsamiya a tsakiyar gari, dab da masallaci, tarin kirare a kan rassa suna jiran masu su. Babu mai gadi, babu allon gargaɗi, babu doka a takarda. Yaro ya ɗauki danƙo ya nufi shamuwa, tsohuwar da ta fara ganinsa ita za ta ci masa mutunci kafin uwarsa ta ji. An ɗauke ta mai albishir da ruwa, an bar ta ta zauna lafiya, ita kuma tana rage musu fara a gona. Mutanen da suka iya wannan da shamuwa ba sai an koya musu kiyaye tsuntsu daga waje ba. Abin da gauraka da dinya suka rasa shi ne irin wannan matsayi a zukatan mutane, kuma malamai a kan mumbari da iyaye a gida da masu sarauta sun fi kowane ma'aikacin gandu ikon ba su shi. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji goma, ciki har da dausayin Haɗeja da ke Baturiya a Jigawa. Na yi murna da jin haka, sai dai iyakar gandu ba ta tsayar da kacala, ba ta kuma kawo ruwa.

Mai niyyar zuwa ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, domin daga Maris baƙin ke fara tashi, ruwa kuma ya ja baya. Ya nemi izinin ma'aikatan gandun, ya tambayi mutanen gari halin hanya kafin ya kama ta, ya tanadi rigar sanyi da mota mai iya yashi, ya kasance a bakin tafki kafin fitowar rana. Idan da hali ya zo da 'ya'yansa.

A hanyarmu ta komowa muka tsaya a wata tasha shan mai. Yara suka kewaye motar da farantan soyayyen jan-baki an barbaɗa yaji, abokina ya saya muka ci, da daɗi kuwa. Can gefe wani mutum yana tsugune da buhu, kan wata dinya ya leƙo ta bakinsa, an ɗaure fukafukanta ta baya da tsumma. Na matsa na tambaye shi inda ya samo ta. Ya nuna gabas da haɓa, ya ce ta faɗa tarko ne. Ba don nama yake sayarwa ba, in ji shi, masu manyan gidaje ke saye su saka a lambu. Ya dubi motar, ya dubi takalmina, ya rage murya.

"Alhaji, in gauraka kake so ma ana samu. Ka ba da kafin alƙalami kawai. Daga Chadi ake kawo ta, mako biyu ta iso."

Na ce masa ba na so, ya kuma ji tsoron Allah ya kwance wannan ya mayar da ita ruwa. Ya yi murmushi ya ja bakin buhunsa ya ɗaure, ya juya wajen wata mota da ta tsaya a bayanmu.